Waiwaye: Tattabarun da Suka Koma Kufai

Duk wanda ya taɓa kiwon tattabaru ya san halinsu. In ka sauya musu gida, sai ka kulle su kwana da kwanaki kana zuba musu dawa da ruwa, har su saba da sabon ɗaki, kafin ka kuskura ka buɗe musu ƙofa. Haka wani bawan Allah mai suna Noor Ebrahim ya yi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. A tsakiyar shekarun 1970 hukuma ta tashe shi daga gidan da ya girma a ciki, a titin Caledon. Ya kwashi iyalinsa da tattabarunsa hamsin ya koma wata unguwa mai suna Athlone. Wata uku cur yana tsare da su. Ran da ya ga sun isa saki, ya buɗe musu da safe ya tafi aiki. Magariba ta yi, ba ko ɗaya. Ya kwana yana juyi. Washegari ya bi ta tsohuwar unguwarsu, sai ga tattabarun nan duka a ƙasa, a kan fili fetal, daidai inda gidansu yake kafin katafila ta bi ta kansa. Babu bango, babu rufi, babu ɗakin da suka saba kwana. Sun dai san nan ne.

Noor ya yi shekaru yana ba baƙi wannan labari a gidan tarihin unguwar, ya kuma rubuta littafi a kan rayuwarsa a can. Ni kuwa tun da na ji shi ya zauna mini a rai, kuma yakan dawo mini duk sanda na ji masana na tattauna yadda za a yi amfani da zanen gini da tsarin gari a gyara zaluncin da aka yi wa mutane saboda launin fatarsu. Da zane aka yi ɓarnar tun farko. Kafin katafila ta iso ƙofar gidan Noor, sai da wani ya zauna a ofis da taswira da fensir.

Sunan unguwar District Six, wato Gunduma ta Shida, kuma a 1867 aka raɗa mata shi. Tana kan gangaren tsaunin da ke bayan birnin, tana kallon tashar jiragen ruwa, kuma daga cikinta zuwa tsakiyar gari tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. A riƙe wannan da kyau, don a kansa duk labarin yake tafiya. Waɗanda suka fara cika ta bayi ne da aka 'yanta a shekarun 1830, da yawansu Musulmi, jikokin mutanen da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indunusiya, da Indiya, da Madagaska, da gabashin Afirka. Daga baya Yahudawa masu gudun tsangwama daga gabashin Turai suka sauka, ga Indiyawa 'yan tireda, ga 'yan ƙabilar Xhosa masu dako a tashar jirage. Tela da kafinta da magini da mai wanki da mai kifi, duk a lungu ɗaya. Babban titinta, Hanover, shi ne kasuwa, shi ne dandali: shaguna, kasuwar kifi, gidajen siliman, masu aski.

Gidajen a jere suke, bango ɗaya ya haɗa maƙwabci da maƙwabci, kowanne da ɗan dakali a ƙofa, abin da suke kira stoep. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin aikin dakali. A nan dattijo yake zama da la'asar, a nan ake jin wa ya haihu, wa ba shi da lafiya, wa ke neman ɗan aiki. Yaro ba ya yin rashin kunya a titi ya tsira, don akwai idanu goma a kansa, kuma duk sun san uwarsa. Mutanen unguwar suna da wata kalma da suka gada daga harshen Malay, kanala, wadda ake faɗa wajen roƙon alfarma, har ana yi wa wurin kirari da garin kanala. Magini ya ɗora maka bulo ranar hutu, kai kuma ka ɗinka wa 'ya'yansa kayan salla. Mu a nan gayya da zumunci muke ce wa wannan.

Kada a ɗauka aljanna nake siffantawa. Akwai cunkoso, akwai talauci, akwai 'yan daba, akwai gidajen da rufinsu ke yoyo shekara da shekaru. Ɗan unguwar, marubuci Alex La Guma, bai ɓoye ko ɗaya ba a littafinsa A Walk in the Night, wanda ƙungiyar marubuta ta Mbari ta buga a Ibadan a 1962, lokacin da gwamnatin ƙasarsa ta toshe masa baki. Amma wa ya bar gidajen suka lalace? Fiye da rabinsu mallakar fararen fata ne da ba sa kwana a unguwar, suna karɓar haya ba sa gyara, hukumar birni kuma ta kau da kai. Da aka tashi hukunci, sai aka bar jaki aka dinga dukan taiki. Ɗan hayan da ruwa ke zubo wa a ka shi aka ce ƙazami ne.

Kuma unguwar ba ta rasa masu magana da yawunta ba. Dakta Abdullah Abdurahman, jikan bayi, wanda ya yi karatun likita a Glasgow, ya shiga majalisar birni a 1904, na farko da ba farar fata ba. 'Yarsa Zainunnisa, wadda aka fi sani da Cissie Gool, ta ci zaɓen wakiltar unguwar a 1938, ta daɗe a kujerar tana faɗa da dokokin wariya. Za mu sake gamuwa da sunanta.

Tashin farko ya girmi mulkin wariyar da muka sani da kusan shekara hamsin. A 1901 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shigo Kef Tawun ta cikin jiragen da ke kawo harawar dawakin sojojin Ingila. Hukuma ta ɗora laifin a kan baƙaƙen fata, alhali ba su suka fi kamuwa ba, ta tattara dubbansu ta kai bayan gari, wani wuri da daga baya aka kira Ndabeni. Da sunan lafiya aka yi. Wannan dabara mun san ta a gida. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440, ba gini ko ɗaya, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai kada sauro ya ɗebo zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Wanda ya lura da yadda Nasarawa da Bompai suka zauna can nesa da ganuwar Kano, da yadda aka ware wa baƙi Sabon Gari, ya ga ɗan'uwan wannan tunani. Bambancin shi ne, a Afirka ta Kudu an ɗauki dabarar an kai ta maƙura.

A 1950 gwamnatin wariya ta kafa dokoki biyu da suka zama tagwaye. Ɗaya ta ce kowane mutum sai an yi masa rajista da jinsinsa: fari, baƙi, ko ruwa-biyu, daga baya aka ware Indiyawa daban. Ɗayar kuma ta ba hukuma ikon ta ce wannan yanki na wannan jinsi ne kaɗai. Unguwa kamar Gunduma ta Shida, inda ladan ke kiran salla ƙararrawar coci na amsawa, inda fari da baƙi ke auratayya, ƙaya ce a maƙogwaron irin wannan gwamnati. Ga kuma ƙasar tana da tsada, tsakanin tsauni da teku. Ranar 11 ga Fabrairu, 1966, aka shelanta cewa unguwar ta zama ta fararen fata. Ministan da abin ke hannunsa a lokacin shi ne P. W. Botha, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. A 1968 aka fara rusau. Kafin 1982 an kwashe mutum fiye da 60,000.

Ba a dare ɗaya aka yi ba, kuma wannan ya ƙara wa abin ciwo. Jami'i zai zo da takardar tashi, wadda mutanen unguwar suke kira wasiƙar soyayya don baƙin ciki. Yau a rushe gidan dama, wata mai zuwa na hagu, kai kana tsakiya kana shaƙar ƙura kana jiran taka takardar. Kuma ba a kwashe mutane tare ba. Wanda takarda ta ce ruwa-biyu ne a kai shi Manenberg ko Bonteheuwel ko Mitchells Plain, baƙi a tura shi Gugulethu ko Langa ko Nyanga, Ba'indiye Rylands. Akwai gidajen da aka raba wa da ƙani, don hasken fatarsu bai zo ɗaya ba. Duk waɗannan wurare suna cikin wani shimfiɗaɗɗen filin rairayi da ake kira Cape Flats, wasu kilomita 25 daga gari, inda iska ke watsa yashi a ido da rani, ruwa kuma ya kwanta da damina. Aka ɗauki sunan titin Hanover aka laƙaba wa ɗaya daga cikin sababbin unguwannin, Hanover Park. Ita kuwa tsohuwar unguwar, a 1970 aka sauya mata suna zuwa Zonnebloem, don ko a taswira kada a gan ta.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya duba aikin masu zane, don ba 'yan sanda kaɗai suka gina mulkin wariya ba. Masu digiri ne suka tsara waɗannan unguwanni a duk faɗin ƙasar, suna sane da abin da suke yi. A sa layin dogo ko babbar hanya ko fili marar gini a tsakanin jinsi da jinsi. A bar wa unguwar baƙaƙe mashiga ɗaya ko biyu, yadda in an yi bore motocin sojoji kaɗan sun isa su rufe ta. A zana gida ɗaya, mai ƙananan ɗakuna huɗu, a ba shi lamba NE 51/9, haruffan biyu na nufin na wanda ba Bature ba, a buga shi dubu bisa dubu kamar kwalin ashana, kuma haka mazauna cikinsa suke kiransa. Ba kasuwa, ba masana'anta, ba abin da zai sa kuɗi ya kwana a unguwar. An tsara ta ne ta zama wurin kwanan ma'aikata: ka fito da asuba ka yi wa birni bauta, ka fice kafin dare. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin 1960 da 1983 an tashi mutum kusan miliyan 3.5 a ƙasar ta wannan hanya. Sophiatown da ke Johannesburg ta riga Gunduma ta Shida, tun 1955.

To me aka ƙwace wa mutanen nan? In ka ce gida, gwamnati za ta ce ai ta ba su wani, wataƙila ma sabo. Abin da aka ƙwace kusanci ne. Ɗauki matar da ke aiki a masaƙa ko ɗinki a cikin gari. Da, takan fita bayan ta sallami yara makaranta, ta taka da ƙafa, kakarsu na dakali tana gadinsu. Yanzu sai ta tashi kafin ladan, ta nemi bas zuwa tashar jirgin ƙasa, ta biya kuɗin da da yake cefane, ta dawo bayan isha'i. Kaka an kai ta wata unguwar daban. Maƙwabta baƙi ne, daga wurare goma aka zubo su. A benen da aka ba ta babu dakali, sai matakala da fili mai yashi wanda ba na kowa ba. Yaron da ya taso daga makaranta ƙarfe biyu, wa zai tsawata masa har takwas na dare? 'Yan daba suka samu gona a share. Har yau Manenberg da Hanover Park suna cikin wuraren da harbin bindiga ya fi addaba a ƙasar, kuma ruwa ba ya tsami banza. Makaɗin fiyano Abdullah Ibrahim ya sa wa fitaccen kiɗansa na 1974 sunan ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, kiɗan ya zama na 'yan gwagwarmaya.

Sai dai abin da gwamnati ta yi niyya bai cika ba. Unguwar Turawan da aka zana ba ta ginu ba. An gina kwalejin fasaha ta fararen fata a wani ɓangare, an yi 'yan gidaje a gefe, babbar hanya ta yanki wani sashe, amma mafi yawan filin ya zauna haka nan, ciyawa da ɓaraguzai, a tsakiyar birnin da kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Mutane suka mai da shi abin kunya, har masu kuɗi suka riƙa jin nauyin saye. Da wani babban kamfanin mai ya zo da shirin sake gina wurin a ƙarshen shekarun 1980, tsofaffin mazauna da malaman addini da 'yan gwagwarmaya suka haɗu a 1988 suka ce a cire hannu: ba wanda zai ɗora bulo a nan sai masu wurin sun dawo.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan zango shi ne masallatai. Katafila ta share gidaje, amma ta bar wuraren ibada, don Musulmi sun tsaya kai da fata cewa masallaci waƙafi ne, ba a sayarwa, ba a rushewa, wasu coci-coci ma suka ƙi tashi. Masallacin Al-Azhar na titin Aspeling, wanda aka kafa tun 1887, da na titin Muir, suka rage a tsaye, kewaye da fili, kamar haƙoran da suka saura a bakin tsoho. Ranar Juma'a sai ka ga mutane sun taso daga Cape Flats, sun wuce masallatai da yawa a hanya, sun zo sun yi sahu a inda iyayensu suka yi. Ba wai sallar can ta fi lada ba ne. Suna tsare wa kansu shaida ne cewa nan garinsu ne.

Ranar 11 ga Fabrairu, 1990, shekara 24 daidai da waccan shela, aka saki Nelson Mandela, ya yi jawabinsa na farko daga barandar zauren birni, tafiyar 'yan mintoci daga kufan. A 1991 aka soke dokar raba unguwanni. A Disamban 1994 aka buɗe gidan tarihin Gunduma ta Shida a wani tsohon cocin Methodist da ke titin Buitenkant. A ganina, daga cikin duk abin da aka yi da sunan gyara, abin da ke daɓen wannan gini shi ya fi kusa da daidai. An shimfiɗa ƙatuwar taswirar unguwar a ƙasa, titi bayan titi, aka ba tsofaffin mazauna alƙalami. Tsohuwa ta durƙusa ta nemo lungunsu da yatsa, ta rubuta sunan gidansu. Wani ya zo ya ƙara shagon da aka manta. Taswira, wadda da ita aka kore su, ta dawo hannunsu, suna takawa a kanta, suna gyara ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sama kuma ga allunan sunayen tituna na ainihi a rataye. Shugaban wata tawagar masu rusau ne aka umarta ya zubar da su, ya ɓoye su a gidansa shekara da shekaru, daga baya suka dawo.

Gidan tarihi dai ba wurin kwana ba ne. Dokar mayar da filaye ta 1994 ta ba duk wanda aka ƙwace wa wuri bayan 1913 damar ya nemi haƙƙinsa, wa'adin kuma ƙarshen 1998. Daga Gunduma ta Shida an samu buƙatu kimanin 2,700. Wajen rabinsu suka karɓi kuɗi, kuma ɗan haya rand 17,500 aka ba shi, kuɗin da ba zai sayi ko ɗaki ɗaya a cikin gari ba. Ba na ganin laifin wanda ya karɓa; tsoho mai ciwon ƙafa da jikoki a gabansa ba zai ci alkawari ba. Saura, fiye da dubu, suka ce su gida suke so. Ranar 11 ga Fabrairu, 2004, Mandela, a lokacin ya sauka daga mulki, ya miƙa mabuɗai ga dattawa biyu, ɗaya mai shekara 87, ɗaya 82.

Masu zanen gidajen farkon sun yi abin a yaba. Ba su kwaikwayi unguwannin masu kuɗi masu doguwar katanga ba, ba su kuma maimaita kwalin ashana ba. Suka jera gidajen bango da bango, ƙofa na kallon titi, suka dawo da dakali. Tsarin da aka shata wa filin ya nemi a bi sawun tsofaffin tituna gwargwadon iko, a cakuɗa gidaje da shaguna. Wato sun saurari masu wurin, sun gane cewa abin da ake kewa ba bulo ba ne. Amma a duba lissafi. Zangon farko gida 24. Na biyu 115. Na uku 108, wanda sai a farkon shekarun 2020 aka kammala. Jimla 247, cikin kusan shekara talatin. Gwamnatin zalunci ta kwashe mutum 60,000 cikin shekara goma sha biyar, gwamnatin 'yanci ta kasa mayar da gida ɗari uku cikin ninkin wannan lokaci. An yi ta jan ƙafa tsakanin gwamnatin tarayya da ta lardi da ta birni, ga saɓani tsakanin ƙungiyoyin masu haƙƙi su kansu, ga gardamar ko a yi benaye don a ɗauki mutane da yawa ko a yi gidajen ƙasa irin na da. Sai da masu haƙƙi suka kai ƙara. A 2018 kotun filaye ta umarci gwamnati ta kawo tsari a rubuce, a 2019 kuma ta ce ministar da abin ya shafa ta biya kuɗin shari'a daga aljihunta. A shekarar ne aka mayar wa unguwar sunanta na asali. Kafin nan da yawa daga masu jiran mabuɗi sun riga mu gidan gaskiya, takardunsu na cikin akwati.

Wanda aka kora yana ɗan shekara arba'in a 1970, shekararsa saba'in da huɗu ran da aka miƙa mabuɗin farko. Duk mai zanen da ke son yin adalci ya sa wannan a lissafinsa kamar yadda yake sa siminti da rodi. Zane mai kyau da ya iso bayan jana'iza bai yi wa mamacin komai ba.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan girma, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Bayan 1994 gwamnati ta gina wa talakawa gidaje kusan miliyan 3 kyauta. Aiki ne babba, ba na raina shi. Wanda ya kwana a bukkar kwano ya san darajar rufin da ba ya zuba. Amma a ina aka gina su? Inda fili ke da araha, wato can bayan gari, bayan ma unguwannin da mulkin wariya ya kafa. Ana ƙirga nasara da yawan gidaje, ba a ƙirga sa'o'in da mai gidan zai kashe a hanya. Sai ga shi dokar wariya ta mutu, taswirarta na nan da rai, farashin fili ya karɓi aikin ɗan sanda. A Delft, kusa da filin jirgin sama, hukumar birni ta kafa wani sansanin wucin gadi a 2007, jerin ɗakunan kwano a kan yashi, mutane suka sa masa suna Blikkiesdorp, garin gwangwani. Cikin waɗanda aka kai can har da iyalan da tsadar haya ta kora daga unguwannin cikin gari. Ba wanda ya tambaye su launin fatarsu a wannan karon, amma in ka je ka duba fuskokin, su ne dai.

Shi ya sa abin da ya faru a Woodstock, maƙwabciyar Gunduma ta Shida, ya ja hankalina. A Maris na 2017 'yan wata ƙungiya mai neman a sama wa talakawa gidaje a tsakiyar birni suka shiga wani tsohon asibitin gwamnati da aka bari ba a amfani da shi, suka zauna. Ɗaruruwan mutane suka mai da ɗakunan jinya ɗakunan kwana, suka tsara shara da gadi da dokokin zama. Suka sa wa ginin suna Gidan Cissie Gool. Ana iya gardama a kan halaccin shiga ginin hukuma ba izini, kuma an yi ta yi har gaban kotu. Amma tambayar da suka ajiye ba ta da kaucewa: in gwamnati na da fili da gini a tsakiyar gari, kusa da aiki da makaranta da asibiti, wa ya fi cancanta da shi, mai sharar ofisoshin garin ko wanda ya fi kowa tayi? Masu aikin gida da masu gadi da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba daga Khayelitsha, kilomita talatin daga inda suke aiki, sun san amsar.

A wurina a nan ne ake gane mai tsara gari na gaskiya. Ba a kyan hoton da ya zana ba, mai bishiyoyi da mutane masu yawo da keke. A tambaye shi: mai wankin nan, minti nawa za ta yi kafin ta isa wurin aiki, kuma nawa za ta biya? Kakar yaran tana kusa? Akwai inda dattijo zai zauna ya ga titi? Wa aka tambaya kafin a ja layin? Ni duk sanda na ji wani jami'i, a can ko a nan gida, yana cewa za a tsabtace gari, za a kwashe wata tsohuwar unguwa a ba mutanenta fulotai masu kyau a bayan gari, sai gabana ya faɗi. Kalmomin 1901 ne da na 1966, ko da mai faɗarsu bai sani ba. Maroko ta Legas, da aka share a 1990, ba launin fata ya kashe ta ba, amma ita ma laifinta ɗaya ne: talakawa sun zauna a kan ƙasa mai tsada.

Kowace shekara, ranar 11 ga Fabrairu, waɗanda suka rage daga tsofaffin mazauna Gunduma ta Shida sukan taru a gidan tarihin. Daga nan su taka zuwa inda tsohon titin Hanover ya bi, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da hannunsu. Akwai tsibin duwatsu a wurin. Kowa yakan zo da dutse daga unguwar da aka kai shi, daga Manenberg, daga Langa, daga Mitchells Plain, ya sunkuya ya ɗora a kai. A yi addu'a, Musulmi da Kirista, a ambaci waɗanda suka rasu cikin shekarar. Sannan a nemi motar komawa.